Duk janti mai rami shida yana hawa Hilux? Amsa ga mai son haɗa taya saiti na biyu

"Assalamu alaikum maigida. Ina da Hilux Vigo ta 2012, ta zo da jantin alminiyom 17, taya 265/65R17. Cin kasuwannin ƙauye nake yi, Tanut, Belbeji, wani lokaci har Tasker, kuma da damina ina shan wuya ƙwarai. Ina so in haɗa taya saiti na biyu masu manyan haƙora na daji, in bar waɗannan na shiga gari. An ce in nemi jantin ƙarfe. Na ga sababbi masu araha, na ga kuma na hannu 'yan Kwatano, mai sayarwa ya ce min duk mai rami shida yana shiga. Wanne zan ɗauka?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa wa kasuwa albarka. In na fahimce ka abu biyu kake tambaya, na farko ko ƙarfen ne ya dace da aikin daji, na biyu kuma yadda za ka gane wanda ya dace da motarka cikin tarin da ke kasuwa. Na farkon amsarsa gajera ce, eh ƙarfen za ka saya. Na biyun shi ne inda zan daɗe, domin maganar nan ta mai sayarwa cewa duk mai rami shida yana shiga, ita ce maganar da ta fi kowace jawo wa mutane asara a sana'armu, na fi shekara ashirin ina cire taya ina ɗaurawa a nan Damagaram kuma har yau ina jin ta kusan kowane mako.

Tunanin saiti biyun kansa tunani ne mai kyau. Turawa suna yin haka saboda ƙanƙara, su ajiye tayar sanyi a kan jantinta daban, mu kuma namu dalilin laka ce da rairayi da ƙayar daji. Taya mai manyan haƙora in ka riƙa taka ta a kan gudron daga nan zuwa Mirya ko Matamaye kullum, cinyewa take da wuri, ga ƙara, ga ƙarin shan mai. In kuma ka ce janti ɗaya za ka riƙa yi wa sauyin taya sau biyu a shekara, to duk cirewa da mayarwa leɓen tayar ne ke shan wahala, musamman a wurin masu facin da ke aiki da ƙarfen banɓara da guduma, wata rana sai ka ga taya tana sace iska ta gefe ba ƙusa ba komai. Kowace taya da jantinta, ranar sauyi jak ne da kile kawai.

Me ya sa ƙarfe

Alminiyom ya fi sauƙin nauyi, ya fi kyan gani, yana kuma fitar da zafin birki da sauri. Amma halinsa in ya ci karo da dutse ko bakin rami mai kaifi shi ne tsagewa, ƙarfe kuwa lanƙwasa yake yi. Wanda ya taɓa bin hanyar Tanut zuwa Agadas a lokacin da ta lalace ya san abin da nake nufi. In leɓen jantin ƙarfe ya lotsa a daji, ka sami guduma ka daddaka shi a hankali ya koma kusa da yadda yake, ka yi famfo ka isa gari. Alminiyom da ya tsage sai safaya, in babu kuma sai kwana a wurin. Nauyin da ƙarfe ya fi shi da shi kilo kaɗan ne a kowace ƙafa, za ka ɗan ji shi a kan hanya mai gargada, amma ga mai ɗaukar buhuna wannan ba abin dubawa ba ne. Tsatsa kuma a ƙasarmu mai bushewa ba ta cika cin janti ba, sai wanda ya zo da ita daga Turai.

Shiga daban, dacewa daban

Abu biyar ne dole su yi daidai, ramuka ɗaya ne kawai daga ciki, shi ma ba ƙidayar ramukan ba ce kaɗai, har da faɗin da'irar da suke zaune a kai. Hilux ɗinka 6x139.7 ce, wato rami shida a kan da'ira mai faɗin milimita 139.7. Prado haka take, tsohuwar Land Cruiser 80 haka, Patrol, L200, Ranger duk haka, shi ya sa mai sayarwa yake ganin gaskiya ya faɗa. Amma Navara D40 ita ma rami shida gare ta, sai dai 6x114.3 ce, ba ta ko kusa. Wannan ma da sauƙi tunda ido zai nuna maka. Masu haɗarin su ne waɗanda suka yi kusa ƙwarai, kamar 5x112 na Marsandi da 5x114.3 na Camry da RAV4, ko 4x98 na Fiat da 4x100 na Starlet da tsohuwar Corolla, za a tura shi ya shiga, a ɗaure noti da ƙarfi, alhali kowane gujon, wato ƙarfe mai zare da ke riƙe janti a ƙafa, a karkace yake ɗauke da nauyi, yau da gobe sai ya karye. Na kawo wannan ne saboda masu ƙananan motoci da za su karanta.

Na biyu ramin tsakiya, wanda ke zama a kan cibiyar ƙafa. Na Hilux milimita 106.1 ne. Na L200 ta zamanin motarka kuwa 67.1, na Ranger 93.1, ka ga duk da ramukansu shida daidai da naka ba za su zauna ba sam, sai dai su tsaya a bakin cibiya. A nan ne wasu ke cewa a kai wurin mai tur a faɗaɗa, ko mafi muni a sa wuta a yanke. Kar ka yarda. Jantin ƙarfe faranti ne da aka matse da inji, wannan ɗan leɓen da ke kewaye da ramin tsakiya yana cikin abin da ke ba shi ƙarfi, in aka yanke shi an rage masa ƙarfi kuma da wuya ramin ya fito a tsakiya cif. Na Patrol 110 ne, ya fi naka faɗi, zai shiga ya bar ɗan fili, sai ya zama noti ne kaɗai ke saita shi. Sababbin jantunan da ba na kamfanin mota ba da yawansu da gangan ake yi musu rami mai faɗi don su hau motoci iri-iri. Ana iya tafiya da su in dai notin mai kai tsini ne kuma an ɗaure a hankali mota tana kan jak, amma ni in da zaɓi 106.1 nake ɗauka, musamman ga motar da za ta sha lodi a kan hanyar burji.

Na uku shi ne wanda kusan ba mai dubawa, kuma shi ya fi ɓata mota a ɓoye. In ka juya janti za ka ga an buga rubutu kamar 16x7J ET30. Goma sha shida girman janti ne da inci, bakwai faɗinsa, ET ɗin nan kuma yana gaya maka nisan fuskar da ke manne da cibiya daga tsakiyar faɗin janti, da milimita. In lambar ta yi yawa taya tana shigewa ciki, in ta yi ƙasa ko ta koma ƙasa da sifiri taya tana fitowa waje. Vigo tana wajen ET30. Na Ranger ta zamanin motarka 55 ne, ya shige ciki da yawa. Fararen jantunan nan masu ramuka zagaye da samari ke so, da yawansu sifiri ne ko ƙasa da haka, an yi su ne don tsofaffin kat-kat irin su Patrol. In ka ɗaura sifiri a Vigo kowace taya ta fito waje da santimita uku ke nan, mota za ta yi kyan tsayuwa ba musu, amma nauyi ya bar kan rulma, wanda mutanen Kano ke ce wa boris, ya koma gefe kamar mai ɗauke da tulu da miƙaƙƙen hannu. Sai rulma ya riƙa mutuwa da wuri, sitiyari ya riƙa fizgar hannu a rami, taya tana gugar jikin mota in ka karya kwana da lodi, da damina kuma laka har gilashin ƙofa. Abin da nake gaya wa masu zuwa wurina shi ne kar a yi nisa da na asali fiye da milimita biyar zuwa goma. Akwai masu sa faifan ƙari tsakanin janti da cibiya don gyara wannan, ni ba na sa wa motar lodi.

Na huɗu girma da faɗi. A nan shawarata ka sauka daga 17 zuwa 16. Lissafin ga shi: 265/65R17 tsayinta gaba ɗaya wajen milimita 776 ne, 265/70R16 kuma 777, 245/75R16 kuwa 774. Ka ga kusan abu ɗaya ne, agogon gudu ba zai yi maka ƙarya ba, tsayin mota daga ƙasa bai sauya ba, amma ka sami ƙarin roba tsakanin janti da ƙasa. Wannan ƙarin shi ne rai a daji, shi ke shanye dukan dutse, kuma in ka shiga rairayin hanyar Tasker ka rage iska zuwa wajen bar ɗaya da rabi taya ta fi baje ƙafa. Tayar 16 kuma ta fi samuwa a ƙananan garuruwa. Faɗin inci bakwai yana ɗaukar duka tayoyin 16 biyun da na ambata. Sai dai sharaɗi ɗaya, birkin gaba. Ba duk Vigo ne birkinsu ɗaya ba, akwai masu babban disk, kuma jantin ƙarfe cikinsa ba ya da fili kamar na alminiyom. Ban ga motarka ba, don haka ba zan ce maka daga nan 16 kaza zai wuce ba. A ɗaura janti tsirara ba taya a ƙafar gaba, a ɗaure noti uku, a juya da hannu, a leƙa a ga akwai fili tsakaninsa da kan birki, ko da milimita uku ne zuwa sama. Ƙafar gaba nake cewa, don na sha ganin an gwada a baya inda birkin tambur yake, an biya kuɗi, an zo gaba ya ƙi.

Na biyar nauyin da janti zai iya ɗauka. Duba ƙaramin allon da ke jikin motar, akwai nauyin da aka yarda wa ƙafafun baya, raba shi biyu, abin da ya fito shi ne mafi ƙarancin abin da kowane janti zai ɗauka, kuma kai da ni mun san ranar kasuwa ana wuce abin da kamfani ya rubuta. Tayar da ta zo da motarka in ka ga 112 a jikinta, kilo 1120 take nufi. To ba amfani taya tana ɗaukar wannan, janti kuma an yi shi don tirela ƙarama ko motar da ba ta kai rabin taka ba. Janti na kirki ana buga masa nauyinsa a jiki ko a takardarsa. Sabon da ba girma, ba ET, ba nauyi, ba sunan wanda ya ƙera, fenti kawai yake sheƙi, ni ba na saye ko nawa ne. Ba ni da injin gwada ƙarfe, abin da nake da shi sikeli ne da ido, kuma sau da yawa in na ɗora irin waɗannan a sikeli kusa da na asali sai in ga sun fi sauƙi sosai, ka san an rage kaurin faranti.

Maganar noti

Wannan don Allah ka karanta sau biyu. Notin jantin alminiyom na Toyota gindinsa shimfiɗaɗɗe ne mai wasa, yana da ɗan wuya da ke shiga cikin rami. Jantin ƙarfe kuwa raminsa kamar mazurari yake, noti mai kai tsini yake so, mai kusurwa 60. Gaskiya ne notin alminiyom ɗin yana da ɗan tsini a baki don ya riƙe safayar ƙarfe ka isa gari, amma ba a yi shi don zaman wata huɗu a daji ba. Zaren naka M12x1.5 ne, noti 24 za ka saya tare da jantunan, ka ajiye na alminiyom a gwangwani sai ranar da ka mayar da su. Masu Peugeot da Marsandi su bulon ne ke gare su ba noti ba, su kuma sai su kula da tsawo, don bulon ɗin alminiyom yakan fi tsawo, in an sa shi a ƙarfe ya zarce ciki ya taɓa kayan birki, ga shi na Marsandi gindinsa zagaye ne ba tsini ba.

Akwai wani bawan Allah mai jigilar dabbobi da ya zo min shekarun baya, an janyo motarsa daga hanyar Gure, ƙafar baya ta fita tana gudu, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba amma awaki sun mutu, yaron mota ya karye a hannu. Da na duba jantin ramukan duk sun zama kamar ƙwai, gujon uku sun karye, sauran sun lanƙwashe. Jantin lafiyayye ne, na asali ma, laifin kawai an ɗaura shi da notin da ba nasa ba, noti bai zauna ba, janti yana motsi kaɗan-kaɗan yana cin raminsa har ya gama. Ya ce min ya kwana biyu yana jin ƙas-ƙas a baya ya ɗauka sifirin ne. Tun daga ranar ba na barin mota ta fita daga wurina da sabon janti sai na cire noti ɗaya na duba zamansa da idona.

Ɗaurewa ma da ƙa'ida. A goge fuskar cibiya da bayan janti, ba laka ba tsatsa ba fenti mai kauri, kar a shafa wa gujon mai, a fara da hannu, a bi su a gicciye. Ƙarfin ɗaurin irin motarka ɗari da ɗan kai ne a ma'aunin Nm, littafin motar ya faɗi daidai, wannan ƙarfin hannun mutum ɗaya ne da kile madaidaici. Yaran da ke zura bututu su hau su yi tsalle miƙar da gujon suke yi, suna kuma murƙushe bakin ramin jantin ƙarfe. Bayan ka yi kilomita 50 zuwa 100 ka tsaya ka sake bi, ƙarfe sabon ɗauri yakan saki kaɗan.

Sabo ko na hannu

In ni ne, abin da zan fara nema shi ne jantin ƙarfe 16 na asali na Toyota wanda aka cire daga wata Hilux, ko da na hannu ne. Motocin ma'aikatu da na ƙungiyoyi da yawa da ƙarfe suke zuwa, wasu masu saye kuma suna cirewa su sa alminiyom, don haka ana samu a nan, in an rasa a sa a duba Kano ko Maraɗi. Ramin tsakiya daidai, ET daidai, ƙarfe mai kauri. Abin lura kawai, wanda ya zo da taya 205R16C faɗinsa inci shida ne, ya yi wa 265 ƙanƙanta, in shi ka samu sai ka tsaya kan siririyar taya, wadda ma a laka ba ta da laifi, amma ka sani 205R16C ta fi taka gajarta sosai. In ba a samu na asali ba sai sabo mai cikakken rubutu wanda ya cika abubuwan nan biyar.

Na hannu kuma ga yadda nake duba shi. Waɗanda suka fito daga Turai sun sha gishirin da ake zubawa a hanya lokacin ƙanƙara, tsatsarsu tana ɓuya a inda faranti ya haɗu da da'ira da kuma inda leɓen taya ke zama, in wurin ya yi ƙuraje iska ba za ta zauna ba. Wanda aka yi wa sabon fenti na fi tsoronsa, sai na kankare wani wuri. Ina duba ramukan ko sun zama ƙwai, ina neman tsaga siririya tsakanin rami da rami, ina duba alamar walda ko shuɗin wuta, don jantin da aka gasa aka miƙe ƙarfensa ya riga ya yi laushi. Sannan a ɗora shi a injin balansi ko a ƙafar mota a juya, a kafa alli kusa da leɓe, in yana rawa fiye da milimita ɗaya da rabi a mayar. Ka shafa cikinsa kuma ka ji ɗan tudun nan da ke kewaye kusa da leɓe, shi ke riƙe tayar da ba ta da tib in an rage iska, kai da za ka shiga rairayi ba ka da zaɓi a kansa. Jantin nan mai zobe na Land Cruiser da ake sa wa 7.50R16 da tib, ka bar wa masu shi, zoben in bai zauna ba ana cikin famfo yakan tashi ya kashe mutum, sannan na bayan 1999 ma rami biyar ne, 5x150.

Biyar za ka saya ba huɗu ba, don safayarka ta zama irin tayar dajin, in ka sa kat-kat da taya ɗaya mai tsayi daban kana wahalar da giya da difaransiyal. Ka sa bawul sababbi, a yi balansi duka. Tayar kuma ka duba lambobi huɗun ƙarshe na rubutun da ya fara da DOT a gefenta, su ke nuna lokacin da aka ƙera ta, biyun farko mako ne biyun ƙarshe shekara, 2321 tana nufin mako na 23 a 2021, da zafinmu na watan Afrilu da Mayu ba na ba mutum shawarar tayar da ta wuce shekara biyar ko shida ko da haƙoranta kamar sababbi.

Saitin da ka cire ka wanke, ka rubuta da alli wace ƙafa kowace ta fito, ka jera su kwance a ɗaki ko inuwa a kan katako, nesa da janareto da jarkokin mai, kar a bar su a kan rufin kwano rana tana dafa su. Ranar da za ka je saye ka tafi da motar da jak ɗinka, in mai kaya ya ƙi a gwada a ƙafar gaba ka wuce shago na gaba, in kuma ka ga rubutun bayan janti bai fito maka ba ka ɗauki hotonsa ka turo in karanta maka kafin ka ba da kuɗi.